Kason Ɗan Ƙasa da Maganar Mutuwar Zuciya

Duk wanda ya taɓa bi ta ƙofar wata ma'aikata ranar da aka ce za a ɗauki sababbin ma'aikata, ya ga abin da zai daɗe yana tunaninsa. Samari da 'yan mata ne maƙil, kowa da ambulan na takardun shaida a hammata, sun ja layi tun da asuba, wasunsu kuwa shekara uku ko huɗu ke nan da gama bautar ƙasa. In ka ja ɗaya gefe ka tambaye shi wane aiki yake nema, sai ya ce maka kowane iri ne. Kuma gaskiya ya faɗa. Abin da ya fito da shi daga gida shi ne ƙarshen wata, watau ya sami tabbacin cewa ko ana ha-maza-ha-mata wani abu zai shigo hannunsa ran talatin ga wata. Mu da ke cikin ajujuwa yau mun sani sarai gobe mu ne a wannan layi. Saboda haka muka ga ya dace wannan mujalla ta ce wani abu game da wata shawara da ake ta tafka muhawara a kanta a duniya, wadda in ta tabbata za ta sauya ma'anar layin nan ɗungum.

Shawarar ita ce hukuma ta riƙa ba kowane ɗan ƙasa wani adadi na kuɗi a kai a kai, wata-wata ko shekara-shekara, ba tare da ta tambaye shi yana aiki ko ba ya yi ba, yana da hali ko ba shi da shi. Ba a cike takardar nuna talauci, ba a neman sa hannun mai unguwa ko kansila, ba a kuma yanke kuɗin don mutum ya sami aiki. Mai kuɗi ma ana ba shi, illa dai shi haraji zai kwashe masa fiye da abin da aka ba shi. A nan za mu kira abin da sunan kason ɗan ƙasa, domin masu wannan ra'ayi suna ganin haƙƙi ne mutum yake da shi a cikin arzikin ƙasarsa, kamar yadda magaji yake da kaso a gadon gidansu ko da shi ne auta.

Tunanin ya daɗe. Tun a 1797 Thomas Paine ya rubuta cewa ƙasa asalinta ta kowa ce, don haka waɗanda suka mallake ta su riƙa zuba wani abu a cikin asusu, a ba duk wanda ya cika shekara 21 fam 15 ya fara zaman kansa, a kuma riƙa ba wanda ya kai shekara 50 fam 10 kowace shekara. A Amurka, Milton Friedman, masanin tattalin arzikin nan da ba ya ƙaunar hukuma ta sa hannu a kasuwa, ya kawo wani abu mai kama da haka a 1962, sa'an nan Martin Luther King, jagoran neman 'yancin baƙar fata, ya yi kira a 1967 da a tabbatar wa kowa abin shiga. Mutum biyun nan da wuya a same su a inuwa ɗaya, amma ga shi sun haɗu a nan. A 2016 mutanen Suwizalan suka kaɗa ƙuri'a a kan maganar, kimanin kashi 77 cikin ɗari suka ce ba su yarda ba. Duk da haka maganar ba ta kwanta ba, sai ma ƙara tashi da ta yi tun da aka fara tsoron cewa na'urori masu ƙirƙirarriyar basira za su ƙwace aikin akawu da tafinta da direba.

Mun san abin da zai fara zuwa bakin mai karatu, don mu ma shi ya fara zuwa bakinmu: mutuwar zuciya. Mu mutane ne da aka yi wa tarbiyya a kan cewa zomo ba ya kamuwa daga zaune, kuma da wuya a sami zagin da ya kai a ce da namiji cima-zaune. Wa zai ɗauki fartanya cikin rana, in ji masu wannan tsoro, alhali kuɗi na zuwa har gida? Wa zai yi dako, wa zai share titi, wa zai tura kurar ruwa? Ba mu raina wannan tambaya ba, domin ƙasar da mutanenta suka daina nema ta lalace ko da rijiyoyin mai sun cika ta. Amma an gwada abin a wurare da dama, kuma gani ya kori ji.

Mu fara da Alaska, wata jihar Amurka mai arzikin mai. A 1976 mutanen jihar suka gyara tsarin mulkinsu, suka kafa asusu na dindindin, suka ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 25 cikin ɗari na kuɗin da jihar ke karɓa daga masu haƙar ma'adinai. Ba a taɓa uwar kuɗin. Juya ta ake yi, a raba wani sashe na ribar. A 1982 aka yi rabon farko, kowane mazaunin jihar, babba da yaro, ya sami dala 1,000. Tun daga nan ba shekarar da ba a raba ba, wata shekara ya ragu wata ya ƙaru, har a 2022 ya kai dala 3,284. Masana biyu, Damon Jones da Ioana Marinescu, sun bi diddigin abin suka tarar yawan masu aiki a jihar bai ragu ba, sai ma aikin 'yan sa'o'i da ya ƙaru. Dalili kuwa a fili yake: kuɗin da aka raba a cikin gari ake kashe shi, mai kanti ya ga ciniki ya buɗe, ya ɗauki ƙarin yaro.

A Finlan, cikin 2017 da 2018, an zaɓi marasa aiki 2,000 aka riƙa ba su yuro 560 a wata, aka kuma yi musu alkawarin ba za a yanke ba ko sun sami aiki. Da aka fitar da sakamako a 2020 sai aka ga sun ɗan fi takwarorinsu yawan kwanakin aiki, kimanin kwana shida a shekara, sun kuma fi su kwanciyar hankali. A garin Dauphin na Kanada, inda aka yi irin wannan gwaji a tsakiyar shekarun 1970, waɗanda suka fi rage aiki su ne mata masu jego da samarin da suka zauna suka ƙarasa sakandare maimakon su bar karatu don neman na abinci. Adalci kuma shi ne mu faɗi wanda bai yi wa masu wannan ra'ayi daɗi ba. A jihohin Illinois da Texas na Amurka an ba mutum 1,000 dala 1,000 kowane wata har shekara uku, kuma sakamakon da ya fito a 2024 ya nuna sun rage aiki da sa'a ɗaya da 'yan mintoci a mako. Ragi ne, ba mu musa ba, amma da nisa tsakanin sa'a ɗaya a mako da zaman kashe wando.

Gwajin da ya fi kusa da halinmu shi ne na Kenya. Wata ƙungiya mai suna GiveDirectly ta ɗauki ƙauyuka kusan 200 a yankunan Siaya da Bomet, ta riƙa tura wa duk baligin da ke cikinsu kuɗi ta wayar hannu, mutum sama da 20,000. Wasu ƙauyukan aka yi musu alkawarin kimanin dala 22 a wata har shekara 12, wasu shekara biyu kawai, wasu kuma aka ba su kimanin dala 500 a dunƙule sau ɗaya. A 2023 masu binciken, cikinsu har da Abhijit Banerjee da Tavneet Suri, suka bayyana abin da suka gani a shekaru biyun farko. Mutane ba su rage aiki ba, shan giya bai ƙaru ba. Abin da ya sauya shi ne irin aikin: da yawa sun bar ƙwadago a gonakin wasu sun buɗe 'yan sana'o'insu. Waɗanda aka ba a dunƙule da waɗanda suka san kuɗin zai daɗe yana zuwa su suka fi kafa sana'a, na biyun ma adashi suka shiga da kuɗin don su tara jari. Duk matar da ta taɓa kwasar adashi ta sayi keken ɗinki ba ta bukatar farfesa ya fassara mata wannan.

To, ina wannan ya bar mu? Tsoron na'ura da ya sa Turawa ke wannan magana bai kai gare mu sosai ba tukuna, domin masaƙun Kakuri da masana'antun Bompai da Sharada da suka rufe, rashin wuta da kayan waje ne suka rufe su. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna a 2024 cewa sama da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Nijeriya ba su da aikin albashi na takarda. Ita ce kuma ta ce a 2022 mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki daban-daban. In aka haɗa maganganun nan biyu, sai a ga talakan ƙasar nan yana aiki, har ya fi darakta yawan sa'o'i. Jari ya rasa, da majinginar da zai dafa in rana ta ɓaci. Ta wannan fuska ya kamata mu dubi abin da kason ɗan ƙasa zai yi wa aiki a wurinmu.

Dubi ƙaramin manomi. Da kaka yakan sayar da hatsinsa da arha don ya biya bashin taki da na magani. Da bazara ya dawo ya sayi hatsin nan da tsada. Damina na tsakiya rumbu ya ƙare, sai ya bar gonarsa ciyawa na cinta ya tafi ƙwadago gonar mai hali don a ɗora tukunya da dare. Kaka ta zo ya girbe kaɗan, a sake komawa gidan jiya. 'Yan kuɗi kaɗan da ya tabbata za su zo kowane wata suna iya tsayar da shi a gonarsa cikin makonnin noman nan da su ne ke yanke hukuncin shekara. Mai babbar gona kuwa, in ya rasa masu zuwa don yunwa, dole ya ƙara ladan yini ko ya nemi shanun huɗa da tarakta. Ta haka ladan leburori ke tashi ba tare da an yi yajin aiki ba.

Haka abin yake a birni. Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2024 ta yanka Naira 70,000, amma ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ballantana yaron kanti da 'yar aiki da ɗan garuwa. Mun san abokanmu masu digiri da ke koyarwa a makarantun kuɗi a kan abin da bai kai kuɗin motarsu ba, suna haƙuri don an ce da babu gara ba daɗi. Wanda ya san ba zai kwana da yunwa ba yana da bakin cewa a'a, kuma ranar da ma'aikaci ya iya cewa a'a, ranar ce ubangida zai fara koyon lissafi. Ayyukan da kowa ke ƙyama, kamar kwasar shara da yasar kwata, ba za su ɓace ba. Ladansu ne zai hau har ya kai wahalarsu, abin da tun farko ya kamata.

Akwai kuma aikin da ba a biya. Uwa mai reno, da wadda ke jinyar tsohuwar surukarta, da wadda ke daka da surfe da wanki daga asuba zuwa isha, duk ba su cikin littafin albashin kowa. Da yake kason na mutum ne a kan kansa, hannun matar zai shiga kai tsaye. Mace mai ƙuli-ƙuli ko ɗinkin hula da ta sami jarin kanta ba sai ta ɗora wa 'yarta faranti ta tura ta talla tasha ba alhali 'yan'uwanta na aji. Daɗin daɗawa, saurayin da ke da ɗan abin kansa ya fi wuyar saye da taliya da Naira dubu ranar zaɓe, kuma maula a ƙofar gidajen manya za ta ragu.

Mu kanmu fa? Da yawanmu muna karatu ne da ido ɗaya a kan kujerar ofis. Wanda ya karanta aikin gona yana neman tebur a sakatariya, wanda ya karanta injiniya yana neman a sa shi a kwastan, don can ne ake da ƙarshen wata da fansho. Ofisoshi sun cika da mutanen da zuciyarsu ba ta wurin, su sa hannu da safe su sulale. In da akwai majingina a waje, wasu za su yi kasadar buɗe gareji ko gidan kaji ko ɗakin gwaje-gwaje, su bar kujerar ga mai son aikin. Ma'aikatan gwamnati matasa da ke karanta mu sun fi mu sanin yawan 'yan'uwan da ke rataye a wuyan albashi guda. Kason da zai isa hannun kowane ɗaya daga cikin 'yan'uwan nan sauƙi ne ga wuyan ma'aikacin, kuma ma'aikacin da ba a matse shi ba ya fi iya kauce wa cin hanci.

Amma kada daɗin magana ya ɗauke mu, mu zo kan lissafi. Mutanen Nijeriya sun haura miliyan 200. In aka ba kowa Naira 10,000 kacal a wata, an kashe Naira tiriliyan 24 a shekara, alhali kasafin Gwamnatin Tarayya na 2024 gaba ɗaya kimanin tiriliyan 28.7 aka sa wa hannu. Ko baligai kawai aka ba, tun da wajen rabinmu yara ne, ana maganar tiriliyan 12, kuma Naira 10,000 ba ta ciyar da mutum mako biyu. Mutanen Alaska ba su kai miliyan ɗaya ba. Mu kuwa man da muke haƙowa bai kai ganga miliyan 2 a rana ba, watau ko ganga guda ba ta isa kan mutum ɗari. Duk ɗan siyasar da ya hau mumbari ya yi mana alkawarin albashi ga kowa daga kuɗin mai kaɗai, amsarsa ita ce ta kare da aka ce masa ana biki a gidansu: mu gani a ƙasa.

Haɗari na biyu shi ne tsadar kaya. Iran ta janye tallafin mai da na burodi a watan Disamba na 2010, ta maye gurbinsa da riyal 455,000 ga kowane mutum a wata, wanda a lokacin ya kai wajen dala 45, kuma sama da mutum miliyan 70 suka riƙa karɓa. Binciken Djavad Salehi-Isfahani da abokin aikinsa ya nuna galibin mutane ba su bar aiki ba. Sai dai kuɗin da aka raba ya fi wanda aka samu daga janye tallafin, takunkumi ya zo, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, adadin kuwa ya yi shekaru bai motsa ba har ya zama kuɗin shayi. Mu ma muna da namu darasin. Iyayenmu suna ba da labarin Udoji, lokacin da aka zuba wa ma'aikata ƙarin albashi da ariyas a farkon 1975, kasuwa ta ji ƙamshi, farashi ya tashi da fiye da kashi 30 cikin ɗari a shekarar, manomin da bai karɓi ko kwabo ba ya biya tare da kowa. Kuɗin da aka buga ba tare da hatsi da yadi sun ƙaru ba, takarda ce.

Na uku shi ne amana. Tun daga 2016 aka fara ba wasu gidaje Naira 5,000 a wata. Bayan janye tallafin mai ran 29 ga Mayu, 2023, wanda ya ɗaga lita daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, an yi shelar ba gidaje miliyan 15 Naira 25,000 a wata har wata uku, amma a Janairun 2024 aka dakatar da shirye-shiryen don bincike. Ciwon irin wannan tsari yana cikin jerin sunaye. Muddin wani ne zai zauna ya rubuta wane talaka ne wane ba talaka ba, to ya sami abin sayarwa. Ƙarfin kason ɗan ƙasa shi ne ba shi da mai tsaron ƙofa, kowa ya san abin da ya kamata ya samu, ranar da bai zo ba kuma gari duka ne zai tambaya. Akwai kuma tsoron kada hukuma ta miƙa wa mutane 'yan kuɗi ta ce ta sauke nauyi, ta bar asibiti ba magani, makaranta ba malami.

Matsayinmu ke nan. Ba mu ce a fara biyan kowa gobe ba, aljihun ƙasar bai kai ba. Ba mu kuma yarda a kashe maganar da kalmar mutuwar zuciya ba, tun da shaida ba ta goyi bayanta ba. Muna kira ga Majalisar Tarayya ta yi doka da za ta keɓe wani sananne kaso na kuɗin mai da na rarar tallafi a asusun da ba gwamna ba shugaba mai iya taɓa uwar kuɗinsa, domin mun ga yadda Asusun Rarar Mai na 2004 ya tsiyaye. Muna kira a ɗauki 'yan ƙananan hukumomi sukutum, Kudu da Arewa, a gwada abin shekara biyar, damina da rani, a bar jami'o'i su auna abin da ya faru da noma da ladan ƙwadago da farashin mudu da zuwan yara makaranta, a buga sakamakon kowa ya gani. In za a faɗaɗa, a fara da rukunin da ba ya bukatar alfarmar kowa, kamar duk tsohon da ya haura shekara 65 ko duk mai goyo, a biya da haraji da ribar asusu, a kuma ɗaure adadin da farashin abinci. Mutum sama da miliyan 100 sun riga sun sami lambar ɗan ƙasa. A ƙarasa sauran, musamman matan karkara, kafin a raba ko sisi.

Ku kuma 'yan'uwa ɗalibai, wannan magana tamu ce kafin ta zama ta kowa, don mu ne za mu biya harajin, mu ne kuma za mu riƙe littattafan rabon. Masu karatun tattalin arziki da aikin gona da halayyar jama'a, ga abin bincike ya samu: in kun je hutu ku zauna da manoman garinku, ku tambaye su a wane wata suke barin gonarsu su tafi ta wani, da nawa ne zai tsayar da su. Ƙungiyar ɗalibai ta shirya muhawara a babban zaure, a gayyato malamai da 'yan ƙwadago da 'yan kasuwa, kowa ya zo da alƙaluma a hannu. Shafukan wannan mujalla a buɗe suke ga mai goyon baya da mai suka, kuma za mu buga wasiƙun da suka iso mu a fitowa ta gaba.